SHARHI: Kafin A Kai Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Kasuwar Shanu Ta Mubi, A Fara Sanin Aikin Dillali

Tun daga watan Yulin 2024 da Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, ta kuma naɗa Alhaji Idi Mukhtar Maiha, ɗan asalin Jihar Adamawa, ya zama ministanta na farko a watan Oktoban shekarar, maganar shigar da na'ura mai ƙwaƙwalwa cikin fataucin dabbobi ta ƙara ƙarfi a bakin jami'an gwamnati da 'yan kwangila. Ana maganar maƙala wa kowace saniya lamba a kunne domin a riƙa bin sawunta, da karɓar kuɗin shiga na kasuwanni ta na'ura maimakon rasit na takarda, har ma da kasuwar shanu ta intanet inda mahaucin Legas zai zaɓi bijimi daga wayarsa. Duk ranar da waɗannan shirye-shirye suka sauka ƙasa, kasuwar shanu ta Mubi na cikin wuraren da za a fara dosa, kasancewarta ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa maso Gabas. Don haka ya dace 'yan kasuwar da dukiyarsu ke cikin wannan harka su tambaya tun yanzu: aikin wa na'urar za ta yi, kuma wa ya zauna ya duba yadda ake yin aikin kafin a ƙera ta?

Garin Mubi yana gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru, kuma shanun da ke cika kasuwarsa suna fitowa daga rugagen Adamawa da Borno, daga arewacin Kamaru, har ma daga Chadi. Amma ba manyan garkuna kaɗai ke ciyar da kasuwar ba. Akwai ƙananan masu kiwo na ƙauyukan kewaye, irin su Bahuli, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, inda manomin dawa da gyaɗa kan ɗaure bijimi ɗaya ko biyu ya turke, ya sayar idan damina ta gabato domin sayen taki, ko idan hidimar aure ko kuɗin makaranta suka taso. Ga irin wannan manomi, bijimin nan shi ne asusun ajiyarsa baki ɗaya, kuskure ɗaya a ranar kasuwa kuwa asarar shekara ce.

Wanda ya kalli cinikin daga ofis zai ga mutum biyu: mai saye da mai sayarwa. Wanda ya tsaya a cikin kasuwar zai ƙirga hannaye da yawa. Manomin ba ya shiga da bijiminsa ya tsaya yana jiran mai saye. Yakan miƙa igiyar ga dillalin da ya sani, sau da yawa wanda mahaifinsa ma ya yi hulɗa da shi. Dillalin ne ke tsaya wa cewa dabbar ba ta sata ba ce, domin ya san gidan da ta fito. Shi ne ya san wane falke ke biya a kan lokaci, wane ne kuma sai an bi shi har gida. Idan aka yi tayi ya ce albarka, ko aka kai ga sallamawa, a bainar jama'a ake yi, kuma duk wanda ke tsaye a wurin ya zama shaida ko da ba a kira shi ba. Baƙon da ya koro shanu daga ƙetaren iyaka yana da mai masauki, wanda ke ba shi wurin kwana, ya yi masa tafinta tsakanin Fulatanci da Hausa ko Larabcin Shuwa, ya riƙe masa kuɗi, ya kuma haɗa shi da ɗan canjin da zai mai da masa naira zuwa sefa. Bayan waɗannan akwai shugabannin kasuwa da ke raba gardama, da jami'in dabbobi mai duba lafiya, da mai yankar rasit, da 'yan kamasho masu nemo mota, da 'yan lodi, da direban tirela, da yaran da ke zama a cikin motar suna ta da duk saniyar da ta kwanta kada 'yan'uwanta su tattake ta a doguwar tafiyar da ake yi ta Hong da Gombi zuwa kasuwannin Kudu.

Abin da ya fi muhimmanci ga ɗan kasuwa shi ne, kaso mai yawa na wannan ciniki a kan bashi yake tafiya. Falke kan ba da wani abu a hannu, ya ɗauki shanu, ragowar kuma sai wakilinsa na Legas ko Fatakwal ya sayar ya turo. Tsakanin ranar sallamawa da ranar cikon kuɗi, abin da ke riƙe da dukiyar mutane shi ne sunan dillali da mutuncinsa. La'adar da yake karɓa ba ladan haɗa mutum biyu kaɗai ba ce. A cikinta akwai kuɗin lamuni.

Wannan tsari ba sabo ba ne, kuma masana sun daɗe da rubuta shi. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana a wata maƙala ta 1965 da kuma littafinsa na 1969 yadda masu gidajen Hausawa ke sauke fataken shanu daga Arewa, su sa dillalansu su sayar wa mahautan Yarbawa a kan bashi na 'yan makonni, alhali mai gidan ne ke ɗaukar nauyin biya idan mahauci ya gaza. Babu banki a tsakani, babu kotu. Abin da ya sa tsarin ya tsaya da ƙafafunsa shi ne labarin kowane mahauci yana yawo tsakanin dillalai, wanda ya ci amana sau ɗaya kuwa ba zai sake samun saniya bashi ba. Shekaru sittin ke nan da wannan bincike, kuma mai shirin ƙera wa kasuwar Mubi manhaja zai amfana da karanta shi fiye da kundin tallan kowane kamfani.

A ƙasashen da suka riga Nijeriya shiga harkar na'ura mai ƙwaƙwalwa, tuntuɓen da aka yi ta yi ne ya haifar da fannin ilmi na musamman a kan wannan matsala. A 1984 Irene Greif da Paul Cashman suka shirya wani taron masana a Amurka inda suka raɗa wa fannin suna, wanda ake taƙaitawa da CSCW, ma'anarsa aikin haɗin gwiwa da na'ura ke tallafa wa. Babban taronsa na farko an yi shi a birnin Austin na Jihar Texas a 1986. Tushen fannin abu ne mai sauƙin faɗi: na'urar da mutum ɗaya zai yi aiki da ita daban take da wadda jama'a za su yi tarayya a kanta, kuma bayanin da shugaba zai bayar a ofis game da yadda ake aiki ba kasafai yake dacewa da yadda ma'aikata ke yin sa a zahiri ba. Shi ya sa masu wannan fanni kan tura mai bincike ya zauna da ma'aikata makonni ko watanni, yana kallo yana saurare, kafin injiniya ya rubuta ko da layi ɗaya.

Misalin da aka fi ambata shi ne na Christian Heath da Paul Luff, waɗanda suka zauna a ɗakin kula da jiragen ƙarƙashin ƙasa na layin Bakerloo a Landan, suka buga sakamakon a 1992. Sun lura cewa jami'in da ke ba direbobi umarni yakan ɗaga murya da gangan yayin da yake waya, domin abokin aikinsa mai sanar da fasinjoji ya tsinci maganar, ya yi sanarwa ba tare da an ce masa ya yi ba. Wannan tsintar magana ba ta cikin takardar aikin kowa, amma da ita ɗakin ke tafiya. Da an raba mutanen biyu, an ba kowa allonsa da abin toshe kunne da sunan zamani, da an kashe abin da ba a ma san yana nan ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar shanu zai gane wannan nan take, domin ɗaga muryar dillali a lokacin sallamawa aikinta ke nan: tara shaidu. Manhajar da za ta mai da ciniki ya zama saƙon sirri tsakanin wayoyi biyu ta kawar da shaidun, kuma ranar da gardama ta tashi shugabannin kasuwa ba su da wanda za su kira.

A cikin shekarar ta 1992 ne kuma birnin Landan ya ga abin da rashin irin wannan nazari ke jawowa. Ranar 26 ga Oktoba hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta birnin ta koma amfani da sabuwar na'urar da ke rarraba motoci da kanta. Na'urar ta dogara ne a kan cewa kowane direba zai riƙa latsa maɓalli daidai a kan lokaci yana sanar da inda yake, abin da ba ya yiwuwa ga mutumin da ke fama da majinyaci. Cikin 'yan sa'o'i hoton da na'urar ke da shi na motocin ya saɓa wa gaskiya, kiraye-kiraye suka taru, majinyata suka yi ta jira. Shugaban hukumar ya yi murabus, aka koma wa takarda da biro, kuma kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 1993 ya ambaci gaggawa, da ƙarancin horo, da rashin tafiya da ma'aikatan da za su yi aiki da na'urar.

Amma darasin da ya fi shafar aljihun ɗan kasuwa shi ne na Jonathan Grudin, wanda a 1988 ya yi tambayar abin da ke sa na'urorin aikin tarayya ke faɗuwa. Amsarsa ita ce, sau da yawa wanda ke wahalar shigar da bayani daban, wanda ke cin amfanin bayanin daban. Misalinsa shi ne manhajar tsara lokutan taro: manaja ne ke morewa, ƙananan ma'aikata ne za su riƙa cika jadawalinsu kullum, don haka sai su ƙi cikawa, manhajar ta mutu. A ɗora wannan ma'auni a kan kasuwar Mubi. Idan aka ce kowane ciniki sai an shigar da shi na'ura, wa zai shigar? Dillali ko yaronsa, a tsakiyar rana, cikin ƙura, igiya a hannu ɗaya. Wa zai amfana? Hukumar tara kuɗin shiga, da banki, da kamfanin da ya ƙera manhajar. Idan kuwa an riga an shelanta cewa manufar ita ce a kawar da 'yan tsakiya, to ana neman mutum ya haƙa ramin da za a binne sana'arsa, kuma babu mamaki idan adadin shanun da na'ura za ta nuna ya gaza na waɗanda ido ke gani ana lodawa.

Ba sai an je Ingila neman misali ba. A 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina ke ministan aikin gona, aka fara raba takin gwamnati ta wayar salula: manomi ya sami saƙo, ya je wurin dilan taki ya karɓi buhu biyu a kan rabin farashi. Shirin ya rage hannun 'yan siyasa a rabon taki, wannan abin yabo ne. Sai dai an gina shi a kan zaton cewa kowane manomi yana da wayarsa, da lambarsa da ba ta sauyawa, da layin sadarwa a wurin rabo. A ƙauyuka da dama kuwa waya ɗaya ce ke yi wa gida guda hidima, wani lokaci ma ta maƙwabci ce, saƙon kuma da Turanci ko da rubutun da mai wayar ba ya karantawa. A wuraren rabo da yawa sai da aka koma duba sunaye a takarda, daga baya har aka gwada wani kati da ba ya buƙatar layi a Sakkwato da Abuja. Gyaran da aka yi bayan an kashe kuɗi, zaman mako biyu a ƙauye irin Bahuli ya isa ya nuna buƙatarsa tun farko.

Na kusa-kusa shi ne canjin takardun naira da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a watan Oktoban 2022. Daga watan Janairun 2023 aka ƙayyade wa mutum cirar naira 500,000 a mako, kuɗin da bai kama hanyar cika tirela guda ba, sababbin takardun kuma suka yi ƙaranci har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. An yi zaton ciniki zai koma ta banki kai tsaye daga mai saye zuwa mai sayarwa. Abin da aka gani a kasuwannin dabbobi shi ne makiyayin da ba shi da asusu, ko baƙon da sefa yake so, sai ya ce a tura wa dillalinsa ko mai POS ɗin da ya yarda da shi. Wato na'urar ta ƙara wa ɗan tsakiya nauyi maimakon ta kore shi. Ita kuwa eNaira, wadda aka ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba 2021, wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023 ya nuna kashi 98.5 cikin ɗari na asusunta ba a taɓa su a cikin mako.

Fasahar da ta sami karɓuwa ita ce wadda ta shiga cikin hulɗar da mutane ke da ita. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da layin salula ke isa garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Babu wanda ya ƙera wa fataken wata manhaja. Waya ce kawai ta ba su damar tambayar mutanen da da ma suka sani. A Kenya ma, M-Pesa an fara gwada ta ne a 2005 domin biyan bashin wata cibiyar ba da ƙananan rance. Masu gwajin suka lura cewa mutane suna amfani da ita wajen aika wa juna kuɗi, suka bi abin da suka gani, aka ƙaddamar da ita a 2007 a matsayin hanyar tura kuɗi gida.

Wannan duka ba ya nufin tsarin kasuwar ba shi da aibu, kuma wanda ya ce a bar shi yadda yake bai tausaya wa manomin Bahuli ba. Akwai dillalin da ke jan mai saye gefe, ya faɗa wa mai dabba farashi ɗaya ya karɓi wani. Akwai bashin da ke narkewa idan falke ya rasu ko mota ta yi haɗari, domin babu rubutu. Akwai dabbar sata da ke samun mai tsaya mata. Akwai kuma tarin kuɗaɗen da ake karɓa a kan hanya daga Mubi zuwa Kudu, waɗanda ƙungiyoyin fataken dabbobi suka daɗe suna kuka da su. Kowanne cikin waɗannan na'ura na iya rage shi. Sai dai gane wane ɓangare na aikin dillali lamuni ne da ya kamata a ƙarfafa, wane ne kuma cuta da ya kamata a toshe, ba ya samuwa ta hanyar raba takardar tambayoyi a ɗakin taron otal a Yola.

Abin da ya wajaba a kan duk hukuma, ko banki, ko ƙungiyar 'yan kasuwa da za ta ba da kwangilar irin wannan aiki shi ne ta ware kuɗi da lokaci na nazarin aikin tun a cikin yarjejeniyar, ta kuma hana biyan kaso na biyu sai an kawo rahoton. Masu yin nazarin suna nan kusa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Mubi, haka ma Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a garin a 2002, kuma cikin ɗalibansu akwai 'ya'yan dillalai da makiyaya da ke jin Fulatanci da Hausa da Fali da Gude. A haɗa ɗalibin kwamfuta da na nazarin zamantakewa, su bi bijimi ɗaya daga turke har zuwa ranar da cikon kuɗinsa ya dawo, su rubuta kowane hannu da ya taɓa shi, da abin da kowa ya sani, da wanda ya faɗa masa. Su ga kasuwa da rani da damina, su ga ta gabanin Babbar Sallah. Su nemi ganin ɗan littafin da yaron dillali ke rubutu a ciki, domin yadda ya tsara shafukansa ya fi kowane zane nuna abin da manhajar ke buƙata. Kuɗin wannan aiki ba zai kai na kwamfutoci goma da janareta ba.

Ana iya hasashen wasu abubuwan da za su tarar. Rajistar ciniki za ta buƙaci gurbin dillali da na shaida, da gurbin abin da aka biya da abin da ya saura, da naira da sefa. Saƙon murya zai fi rubutu amfani, kamar yadda fatake suka riga suka nuna da yadda suke aika wa juna hoton dabba da murya ta WhatsApp. Dole kuma manhajar ta yi aiki ko babu layi. Mutanen wannan yanki ba su manta ba cewa a 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan salula a Borno da Yobe da Adamawa, kuma a ƙarshen Oktoban 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, bankuna da ofisoshi suka rufe, kafin a ƙwato garin a watan Nuwamba. Da jama'a suka dawo, wa ke bin wa nawa ya fito ne daga kawunan mutane da 'yan littattafan aljihu.

Saura batu ɗaya da injiniya ba zai iya warwarewa ba, wato a hannun wa rajistar za ta zauna. Idan a ofishin haraji take, kowa zai rage adadi, bankin da ke son ba da rance bisa tarihin cinikin falke kuma zai tarar da lissafin ƙarya. Idan a hannun ƙungiyar kasuwa take, hukuma na karɓar jimillar da aka amince a kai, akwai yiwuwar a rubuta gaskiya, amma sai an tanadi hanyar da ƙaramin mai kiwo zai ga farashin da aka rubuta wa dabbarsa ba tare da ya nemi izinin dillali ba. Saƙo ɗaya zuwa wayarsa, ko ta ɗansa, a daidai lokacin da aka sallama, zai wadatar. Wannan magana ce da ya kamata shugabannin kasuwar, da Ƙananan Hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu, da wakilan masu kiwo na ƙauyuka su zauna su yanke kafin a sa hannu a kan kowace kwangila.